Wayar Shingen da Ta Ɓace a Affala

Matan da ke ban ruwa ne suka fara gani. Sun iso gandun renon itatuwa da sassafe da bokitansu, sai ga ƙofar magaza, ɗakin ajiyar kaya, a wangale, kwaɗon a ƙasa an fasa shi. Rahinatu, shugabar matan, ta leƙa ciki ta saki salati. Naɗe-naɗen wayar shinge da aka jibge tun kaka babu ko ɗaya. Tamfol ɗin da ake rufe su da shi ne kaɗai yashe a gefe.

Wayar ta ƙungiyar Inuwar Gobe ce, 'yar ƙaramar ƙungiya da wasu mutanen Tawa suka kafa don farfaɗo da faƙo a arewacin Adar. Suna haƙa rabin wata, ramuka masu tare ruwan sama, suna renon dakwara da bagaruwa da magarya, damina ta faɗi su dasa. Wasu masu taimako daga Yamai suka ba su kuɗin waya don a kewaye filin da za a dasa bana, suka ce sai sun zo sun ga shinge a tsaye za su saki sauran kuɗin. Zuwan nasu ya matso, zaɓen sababbin shugabannin ƙungiya ma ya matso.

Kafin hantsi labari ya game Affala. Wasu suka ce Sa'idu mai gadi ne. Wasu suka ce ai ga sawun amalanke can ya nufi zangon Attahir makiyayi, wanda dama ya yi rantsuwa ba za a toshe wa dabbobinsa hanyar rijiya ba. Masu magana ƙasa-ƙasa kuwa cewa suke a tambayi shugabanni, su suka san inda suka kai abinsu.

Rahinatu ba ta tsaya sauraro ba. Ta sa mata suka jera ƙaya a bakin magaza kada kowa ya taka, ta tare kabu-kabu sai Tawa.

*

A kasuwar dabbobi ta sami Manzo, zaune gindin bedi yana shan fura. Manzo mai bin sawu ne. Daga Kalfu har bakin daji, wanda aka sace wa sa ko raƙumi shi yake nema. Dogo ne siriri, mai yawan dariya, kuma taubashin Rahinatu ne, don haka ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

“A'a, baiwata ce da kanta?” in ji shi. “Kin kawo mini goron sallah da kika hana ni?”

“Tashi, tsohon banza. An yi muna sata.”

“Mi anka ɗauka? In mijinki ne, ki bar wa ɓarawon, shi zai maido shi da kanshi.”

Ta yi dariya ba ta so ba, sannan ta zayyana masa komai. Da ta kai kan Attahir, da cewa ana shirin kiran jandarma, sai Manzo ya ajiye ludayi.

“Attahir na san shi. In ya ga igiyarka a daji sai ya bi ka da ita har gida. Mu tahi.”

*

Sun tarar shugabannin ƙungiya sun riga su isa. Hajiya Haula, shugabar, tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ita ta kafa ƙungiyar da kuɗin fanshonta. Tana zaune kan bulo ta yi tagumi. Mataimakinta Souleyman, wanda ake kira Mushe yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, shi ke tsaye yana jawabi ga duk mai kunne. Kowa ya san bana yana neman kujerarta.

“Na sha hwaɗi,” yake cewa, “ƙungiya ba ta tahiya da sakaci! Ga sawu nan ƙuru-ƙuru har zangon mutumen. Mi ake jira?”

Manzo ya gaishe su, ya nemi a ba shi wuri. Ya durƙusa kan sawun amalanken, ya auna zurfinsa da ɗan yatsa, ya koma kan sawun shigowa ya sake aunawa. Ya daɗe yana kallon sawun kofaton jakin da ya ja amalanken. Sannan ya kira mai gadi.

“Sa'idu, jiya ina kake?”

Sa'idu ya sosa ƙeya. “Ina nan, Baba Manzo.”

“Takalminka ya ce ka bi ta bayan rijiya da la'asar, ka dawo da safe raɓa na ƙasa.”

Mata suka fashe da dariya. Sa'idu ya sunkuyar da kai, ya ce bikin abokinsa aka yi a wani ƙauye, ya ce bari ya leƙa ya dawo, kiɗa ya riƙe shi. Manzo ya tambaye shi wa ya san zai tafi. Ya ce ai kowa ya sani, tun ran kasuwa yake neman aron babbar riga.

“Kana shiga magazan?”

“Ba ni da makulli. Ta taga nike leƙawa, kullum in ga tamfol a tsaye tim.”

Manzo ya shiga ciki, Rahinatu na biye da shi. Ɗakin duhu-duhu, sai warin ƙura. Ya share ƙasa da tafin hannu, wasu zagaye-zagayen tsatsa suka bayyana a daɓen. Can jikin bangon baya, wata kaza wake-wake ta baje fukafukai tana hararar su.

“Kazar Sa'idu ce,” in ji Rahinatu. “Ya daɗe yana cigiyarta, har ya ce shaho ya ɗauke, ashe ta taga take shigowa.”

“Wayar har ina ta kai?”

“Har jikin bangon nan. Ko tsinke ba ya shiga.”

Manzo ya sa hannu a hankali ya ɗaga kazar. Ta tsattsage shi a yatsa, ya ce, “Yi haƙuri, Hajiya.” Ƙwai ne cike a ƙarƙashinta. Ɗaya ya tsage, wani ɗan baki yana leƙowa. Manzo ya maida ta, ya miƙe yana murmushi.

“Mi kake wa dariya?” in ji Rahinatu.

“Zo mu bi sawu, in hwaɗa miki bisa hanya.”

*

Sawun ya ratsa gonakin gero da aka share, ya nufi arewa. Sai da suka yi nisa da mutane Manzo ya yi magana.

“Ke da ke kiwon kaji, kaza na yin ƙwai ta ƙyanƙyashe a dare guda?”

Rahinatu ta tsaya cak. “Wata guda ma da ƙyar.”

“To ta kwanta inda kika ce ko tsinke ba ya shiga. Wayar ga ta daɗe da barin ɗakin. Dubi sawun amalanke kuma. Yadda ya shigo sakayau, haka ya hita. Da ƙarhe ya ɗauka, da taya ta nutse cikin rairayi.”

“To mi ya zo ɗauka?”

“Abin da anka tokare tamfol da shi don mai leƙe ya ga kamar kaya na nan. Wanda ya zo jiya ba sata ya zo yi ba, ya zo ne ya nuna an yi sata.”

Gaba kaɗan jakin ya yi kashi a hanya. Manzo ya tsuguna ya farfasa shi da kara, ya duba, ya ce hmm, ya wuce.

Attahir ya hango su tun daga nesa. Ya fito daga rumfarsa, rawani ya rufe masa baki, bai nuna tsoro ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi.

“Na ji an ce ni ne ɓarawo,” in ji shi. “Manzo, ni da nike ƙin shinge, in sace shi in kai ina? In kewaye raƙumi?”

“Ka ga amalanke jiya?”

“Na gan shi gab da magariba. Ya zo har kusa da garkena, ya yi kwana, ya hau hanyar jan ƙasa. Mutumen ya rufe huska. Na ɗaga mishi hannu bai amsa ba, na ce wanga ko bashi ake bin shi.”

“Da kaya?”

“Kwanduna ne, iska na kaɗa su. Har ɗaya ya hwaɗi, ya sauko ya ɗauka.”

Rahinatu ta ba shi haƙuri kan maganganun mutane. Attahir ya tsiyaya shayi, ya ce shi magana ba ta dame shi ba, hanyar rijiya ce ta dame shi. Tun kakansa ta nan dabbobi ke bi, kuma babu wanda ya zo ya tambaye shi kafin a auna fili.

A kan hanyar jan ƙasa sawun ya ɓace cikin na motoci.

*

“Muktari ne!” in ji Rahinatu suna cikin motar komawa Tawa. “Shi ne ma'aji. Ƙila ma bai sayi wayar duka ba.”

“An saya. Tsatsarta na nan a daɓe. Amma mu je mu gaishe shi.”

Muktari tela ne a bakin kasuwa, mutum mai tsantseni, wanda ko allura ya ara sai ya maido da zare a jiki. Da ya gan su ya tashi daga kan keke.

“Na san za a zo kaina. Duk abin da ya ɓace, ma'aji! Ni ko shayin taro da kuɗɗina nike saye.”

“Zauna, Malam Muktari,” in ji Manzo. “Makullan magaza nawa ne?”

“Na Hajiya, da nawa, da na Mushe Souleyman. Nawa ga shi.” Ya zaro shi daga wuya, ɗaure da igiya. “Tun randa anka sauke kaya ban sake buɗe ɗakin ba. Hajiya ma ƙahwa ta hana ta zirga-zirga. Mushe ne ya ce mu huta, shi zai riƙa dubawa, tunda yana yawan hita gari zuwa garkarshi, lambun nan nashi na fadama.”

Manzo ya lura da wata roba cike da tumatir a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina.

“Kai, wanga tumatir a bazara! Ina ka samo?”

“Mushe ke raba wa 'yan ƙungiya. Ka san zaɓe ya zo.” Muktari ya ɗan saki fuska. “Bana garkar tashi ta yi kyau. Da can awaki ke cinye rabi, bana ya ce ko ɗaya ba ta shiga ba.”

Da suka fito Manzo ya gatsa tumatirin.

“Jakin jiya,” in ji shi, “kashinshi cike yake da 'ya'yan tumatir. Jakin Affala kara yake ci.”

Rahinatu ta dafe ƙirji. “Ni ma an kawo mini roba guda. Har na yi miya!”

*

Washegari da hantsi suka isa fadamar da ke wajen Kalfu. Garkar Mushe Souleyman ba ta ɓuya: ita kaɗai ke kewaye da waya, sauran duk ƙaya ce da kara. Soso ya hau wayar ya kai har sama, ya yi 'ya'ya sun bushe. A gindin mangwaro ga jaki ɗaure yana cin ruɓaɓɓen tumatir, ga amalanke, ga kwanduna a kife.

Manzo ya shafa wuyan jakin, ya ɗaga ƙafarsa ta baya. Kofaton ya ɓare a gefe, daidai yadda ya gani a rairayin Affala.

Rahinatu kuwa bin shingen take tana ɗaga ganye. A wata kusurwa ta tsaya ta kira shi. Bakin wayar shafe yake da koren fenti.

“Hannuna ne wanga,” in ji ta. “Randa anka kawo kaya, ni da mata munka shafa wa kowane naɗi. Har zanena ya ɓaci.”

Ranta ya ɓaci sosai, ta ce a wuce wurin jandarma kai tsaye. Manzo ya ce wayar ta ƙungiya ce, ƙungiya ya kamata ta fara ji. Ta ce to, amma a gaban kowa, har da Attahir.

*

Bayan la'asar aka taru a gandun renon, ƙarƙashin babban gawo. 'Yan ƙungiya daga Tawa, matan ban ruwa, dattawan Affala, Sa'idu a raɓe, Attahir a gefe riƙe da sandarsa.

Hajiya Haula ta fara magana. Ta ce amanar a hannunta ta ɓace, don haka za ta sauka, kuma za ta sayar da saniyarta a rage asara. Mushe Souleyman ya gyara zaman hula, ya ce abin da tausayi, amma shugabanci sai mai ƙarfin jiki.

“Kahin a sauka,” in ji Manzo, “ina da mai shaida.”

Ya ɗaga wani kwando da ke kife a gabansa. Kaza wake-wake ta fito, 'yan tsaki na biye da ita suna ciu-ciu. Wuri ya kaure da dariya. Sa'idu ya yi tsalle ya ce, “Kazata!”

Manzo ya bar su suka gama, sannan ya faɗi inda ya same ta da abin da kwanciyarta ke nufi. Ya faɗi amalanken da ya shigo sakayau ya fita sakayau, da kwandunan da Attahir ya gani. Dariya ta ɗauke. Mutane suka fara kallon masu makulli. Muktari ya riƙe igiyar wuyansa.

“Kwaɗon an hwasa shi ne don a ce baƙo ne,” in ji Manzo. “An kai sawu zangon Attahir don a ce shi ne. Jakin kuwa na gan shi yau da sahe, yana kalaci da tumatir cikin wata garka mai sabon shinge. Rahinatu, mi kika gani a shingen?”

“Koren hentina,” in ji ta, idonta a kan Mushe Souleyman.

Mushe ya sunkuyar da kai. Ya cire hula ya share gumi.

“Aro na yi,” ya ce a hankali. “Wallahi aro. Waya na kwance ba ta aikin komi, awaki na kashe ni. Na ce in na kwashe tumatir in maido kahin damina. Sai anka ce mutanen Yamai sun matso da zuwansu, ga tumatir bai ƙare ba. Kaina ya ɗaure.”

“Aro ba a tambayi mai abu ba?” in ji wani dattijo.

Attahir ya tako gaba. Bai ɗaga murya ba. “Waya tsakaninku ce. Ni abin da nike tambaya, da jandarma sun tahi da ni, wa zai shayar da dabbobina? Ka yi tunanin wanga?”

Mushe Souleyman ya kasa ɗaga kai. Ya ce bai yi ba. Ya nemi gafarar Attahir, ya nemi ta Hajiya, wadda ya bari tana shirin sayar da saniya yana tsaye yana kallo.

An daɗe ana muhawara. Wasu suka ce a kai shi gaba, wasu suka ce a duba shekarun da ya yi yana haƙa rabin wata tare da kowa. A ƙarshe aka tsaya kan cewa ya sauka daga muƙami, ya janye daga takara, ya kwance wayar ya kawo ta da amalankensa, kuma shi zai biya masu kafa shinge. Hajiya Haula ta ce ita ma da nata laifin, makulli a jaka ba tsaro ba ne. Ta nemi a ba matan Affala makulli da kujera a kwamiti, tunda su ke wurin kullum, kuma duk wata a buɗe magaza a gaban jama'a. Nan take aka zaɓi Rahinatu. Hajiya ta kuma ce za ta gaya wa mutanen Yamai abin da ya faru da bakinta, kada su ji a wani wuri.

“Saura hanyar rijiya,” in ji Attahir.

Hajiya ta ce ya zo ranar kafa shinge ya nuna da sandarsa inda za a bari.

*

Mutanen Yamai suka zo suka tarar da shinge a tsaye, da burtali a gefensa, da busasshen soso maƙale nan da can a jikin wayar. Suka saurari Hajiya, suka yi 'yan rubuce-rubuce, suka saki sauran kuɗin. Aka sake zaɓen ta, ta ce wannan ne karo na ƙarshe, a fara koya wa wata.

Garkar Mushe Souleyman kuwa ta koma fili, awaki suka yi biki. Da abin ya ishe shi ya zo gandun reno yana jan ƙafa, ya tambayi Rahinatu ko akwai dabara. Ta ce akwai: ya dasa dakwara da magarya kusa-kusa su zame masa shinge mai rai. Ya ce a ba shi. Ta ce a sayar masa dai, kuma hannu da hannu. Shi ne mutum na farko da ya taɓa sayen dashe a wurin ƙungiyar.

Bayan damina biyu ƙayar ta haɗe, ko ɗan akuya ba ya ratsawa. Masu garka na kusa suka gani suka bi sahu, har kuɗin dashe ya fara biyan mai gadi da gyaran rijiya ba a jira Yamai ba.

Wata rana Manzo ya biyo ta fadamar yana neman wata saniya da ta ɓace. Ya tarar da Mushe Souleyman tsaye a bakin garka, ya tara manoma yana yi musu jawabi.

“Shinge mai rai!” yake cewa. “Ba tsatsa, ba sata. Duk fadamar ga ni na hwara kawo wagga dabara. Ga Manzo nan, ku tambaye shi!”

Manzo ya tsinki magarya ɗaya ya jefa a baki.

“Gaskiya ne,” in ji shi. “Shi ya hwara. Ni shaida ne tun daga tushe.”

Mushe ya yi sauri ya cika masa hula da tumatir, ya raka shi har bakin hanya.